Mace ta Bakwai

An ɗage ɗaurin auren Muhsinat Uwais da Kashim Mustafa ranar Talata, saura kwana goma sha ɗaya, kuma ba a sa wata rana ba. Baffan ango, Baba Gana, tsohon hedimasta, shi ya kawo saƙon da kansa gidan mahaifinta Alhaji Uwais da ke unguwar Gamboru a Maiduguri bayan sallar la'asar. Bai nemi a mayar da akwatunan lefe ba. Bai taɓa ruwan da aka kawo masa ba. Ya nuna wani littafi mai baƙin bango, ya ce zai dawo ranar Juma'a ya ji amsa.

Littafin kundin digiri na biyu ne da Muhsinat ta kammala a wannan shekarar, 2017, a fannin halayyar ɗan Adam. A cikinsa ta tattara maganganun mata tara da suka dawo daga hannun mutanen daji, masu tayar da ƙayar baya, a kan abin da ke faruwa da zuciya da jikin mace bayan an tsare ta. Ta sadaukar da shi ga Kashim a shafin farko, ta ba shi kwafi ɗaya kamar yadda ɗalibai suka saba. Shi kuma, don alfahari, ya ɗora shi a kan talabijin a falon gidansu da ke unguwar Mairi, inda duk baƙo zai gani.

A nan Baba Gana ya ɗauka. Shekara talatin ya yi yana duba takardun yara, bai iya karatu ba jan biro ba.

Layin da ya ja yana shafi na sittin da huɗu, ƙarƙashin maganar wadda aka kira Mace ta Bakwai. Ya fassara wa Alhaji Uwais da Hausarsa mai nauyin Barebari, kalma bayan kalma, Muhsinat tana durƙushe a bakin ƙofa.

"Na tsane shi, Allah ya sani. Amma in na yi barci shi yake zuwa. Kuma a mafarkin ba gudu nake yi ba. In na farka sai in yi wanka, in zauna in yi kuka, in rasa wanda zan tambaya ko na yi zunubi."

Sannan ya karanta bayanin da ke saman shafin: Bahaushiya, shekara ashirin da takwas, 'yar ɗan kasuwa, an rutsa da ita a Bama.

Kowa a ɗakin ya san shekarun Muhsinat. Kowa ya san tana koyarwa a Bama lokacin da garin ya faɗi, da yadda aka yi kwana goma sha tara ba a ji ɗuriyarta ba, kafin ta iso Maiduguri da kumburarrun ƙafafu. Ta sha faɗa cewa wata tsohuwa ce ta ɓoye ta a ɗakin ajiyar hatsi. An yarda, ko kuma an yi shiru.

Ta ce a kawo Alƙur'ani ta rantse ba ita ba ce.

Baba Gana ya ce zai karɓi rantsuwarta, ba zai ƙaryata mai dafa Littafin Allah ba. Amma in ba ita ba ce, to akwai wata mace a cikin garin nan da zuciyarta take daji, tana shiga kasuwa, tana shiga gidajen biki, kuma Muhsinat ta san sunanta. Ya tuna wa Alhaji abin da ya faru a bayan katangar jami'a a watannin nan, da matan da aka aiko da bama-bamai ɗaure a jikinsu. Ya ce ɗaya cikin biyu ne: ko ita ce, a fasa aure cikin rufin asiri, ko ta faɗi sunan a kai wa masu tsaron unguwa, a ɗaura aure ranar da aka sa.

Matar da ake nema tana zaune a gidan da Baba Gana yake cin abincin rana kullum. Bintu ce, yayar Kashim, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bintu bazawara ce mai shekara talatin da uku. An ɗauke ta a hanyar gona, ta yi shekara biyu a daji, ta dawo ba ɗa ba kaya. Danginta sun karɓe ta da kuka, sun yanka rago, suka kuma yanke wa kansu cewa ba ta da abin faɗa sai alhamdulillahi. Da barci ya gagare ta, Kashim ya riƙa kai ta wani ƙaramin asibiti inda Muhsinat take sauraron mata irinta kowace Laraba. A kan bencin bakin asibitin ya fara ganin Muhsinat. A gida, abin da aka sani shi ne Bintu tana zuwa karɓar maganin barci.

Sai a zuwa na shida ta yi magana. Da ta gama, ta dangwala yatsa a takardar amincewa da sharaɗi guda: a rubuta ta yadda ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba.

Ƙa'idar aikin ke nan ma. Ana sauya shekaru da ƙabila da gari. Muhsinat ta zauna ta yi tunani: duk bayanin da ta ƙago, zai iya faɗawa kan wata mace ta gaske a ɗaya daga cikin sansanonin 'yan gudun hijira na garin, a nuna ta da yatsa a kan abin da ba ta faɗa ba. Sai ta ara wa Bintu bayanin mutum ɗaya da ta tabbata ba zai kai ƙara ba. Ta ara mata nata. A lokacin har ta ji daɗin dabarar.

Ranar Laraba da safe Alhaji Uwais bai fita kasuwa ba. Shekara talatin da biyar ke nan da ya baro Kano yana sayar da yadi a Gamboru, kuma tun da ya yarda zai ba Babarbare 'yarsa 'yan'uwansa suke tsokanarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai tura ta makaranta don ta koyi rubuta abin da ko ungozoma ba ta furtawa ba. Ya tambaye ta wane malami ne ya ce budurwa ta zauna tana tambayar matan aure mafarkinsu.

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani yadda Dakta Naomi, malamar da ta duba aikin, ta koya musu. Cewa abin da mutum ya danne da rana saboda kunya, shi yake ɓullo masa a barci. Cewa waɗanda suka fara wannan ilimi maza ne, suka yi ta hasashen abin da mace take ji ba tare da sun bar ta ta ƙarasa magana ba. Cewa mace da aka tsare shekaru, hannu ɗaya ke dukanta kuma shi ke miƙa mata abinci, jikinta yana iya rikicewa, kuma wannan ciwo ne, ba mubaya'a ba.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Uwata, ni sunan kawai nake so."

"Abba, amana ce."

"Ni kuma fa? Ni ba amana ba ne a wuyanki?"

Mahaifiyarta, Umma Rashida, ce ta kawo maganar Abdulnasir, da rana, tana tsince shinkafa. Ɗan aminin Alhaji ne, yana da shaguna a Kantin Kwari, ya nemi Muhsinat shekara biyu da suka wuce ta ce a'a. Labari ya riga ya isa Kano. Ya bugo waya ya ce shi bai karanta littafi ba, ba kuma zai karanta ba; in an ba shi, zai ɗauke ta daga garin nan gaba ɗaya, ta zauna a gida ta huta da jin maganganun mahaukata.

"Kin ga mai rufa asiri," in ji Umma.

Muhsinat ta ce wanda zai rufa asiri, ai ya yarda akwai asirin ke nan. Umma ta ce ita dai ta gaji, tana so ta ga ɗiyarta a ɗaki, ko na wane ne.

Kashim ya zo da yamma da kayan aikinsa a jiki, daga wurin haɗa sola a wani sansani. Suka zauna a zaure, ita a tabarma, shi a kan benci. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya ce laifinsa ne da ya ajiye littafin a falo. Ya amsa cewa bayan shafin sadaukarwa bai karanta komai ba, Turancin ya yi masa yawa bayan gajiyar aiki.

"Na yarda da ke," ya ce. "Ko ba ki rantse ba. Ki faɗa mini ni kaɗai. Zan je in gan ta daga nesa, in dawo in ce wa Baba na bincika, ba ta da haɗari. Shi ke nan."

"In na faɗa maka, ka zama mai ɓoyewa kai ma."

"Na ɗauka."

"Ba za ka iya ɗauka ba, Kashim."

Ya dube ta. Ta ga lokacin da maganar ta juya a kansa ta koma wata aba daban.

"Me ya sa ba zan iya ba? Sai in abin ya shafe ni." Ya ajiye hular a kan benci. "Kwana goma sha tara, Muhsinat. Ban taɓa tambayarki ba."

"Yanzu ka tambaya."

"Ban tambaya ba."

"Ka tambaya. Ɗakin hatsi ne, da ɓeraye, da tsohuwar da take turo mini kunu ta ƙarƙashin ƙofa. Ba wanda ya taɓa ni. Amma bari ni ma in tambaye ka. Da an taɓa ni fa? Da ni ce nake wannan mafarkin, ba da son raina ba, ina tashi ina kuka? Sai ka karɓi akwatunanka?"

Hawaye ya zubo mata, ta bar shi, ba ta share ba. Ya ce ba abin da ya faru ba ne yake damunsa, an yi wa mata da yawa, har a gidansu. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce mace tana kewar irin wannan mutum. Ya ce Ya Bintu ta yi shekara biyu a hannunsu, ko sunansu ba ta son ji, haka mace mai mutunci take.

Muhsinat ta sunkuyar da kai ta kalli saƙar tabarma.

Kafin ya tafi ya ce zai karɓi littafin daga wurin Baba Gana, ya karanta babin da kansa ko da zai kwana uku a kai.

Bintu ta zo ranar Alhamis da hantsi, cikin lafaya ruwan toka, da kwalabe biyu na turaren wuta da humrar da ta yi wata guda tana haɗa wa amarya. Ta gaida Umma da wushe, gaisuwar Barebari, ta ce ita ba ruwanta da rigimar maza, kayan amarya ta kawo. Umma ta ji kunya ta bar su su biyu a ɗaki.

Da aka ja labule Bintu ta zauna a bakin gado. Ta ba da labari a hankali, kamar na wata. Ranar Litinin Baba Gana ya tara matan gida ya fassara musu shafin da Barbarci. Ita ce take zuba shayi. Ta ji maganarta tana fitowa daga bakin baffanta, ta ji mahaifiyarta tana cewa a'uzubillahi, wannan ba mace ba ce, annoba ce. Shayin bai zube ba.

"Ya Bintu, ki yafe mini."

"Kin cika alkawari. Uwata ta ji, ba ta gane ni ba." Ta ɗan yi murmushi. "Sai dai kin ba ni shekarunki. Ni ma na yi mamaki da na ji na koma yarinya."

Ta ce Ya'akubu, wani manomin shinkafa daga Zabarmari da matarsa ta rasu, ya aiko da magabatansa, an ce bayan girbi. Mutum ne mai shiru, ya san inda ta je, bai tambaye ta komai ba. Ta ce tana son ta zauna a gidan da za ta dafa abinci a ci, a kira ta da sunanta. In maganar nan ta fita, ba Ya'akubu kaɗai za ta rasa ba. Ba wanda zai sake barin ta ta ɗauki jaririnsa.

"Har yanzu yana zuwa?" Muhsinat ta tambaya.

"Ya ragu. Tun da kika ce mini ciwo ne, ba zunubi ba, in ya zo sai in ce masa na san ka, ka wuce." Ta gyara lafayarta. "Ban zo in ce ki yi shiru ba. Ban kuma zo in ce ki faɗa ba. Ba ni da ƙarfin ko ɗaya. Ƙanena yana sonki, jiya bai ci abinci ba. Na zo dai ki ga fuskata kafin gobe."

Tana sa takalmi a bakin ƙofa ta ƙara da cewa ranar Litinin kiran magariba ne ya katse Baba Gana, bai ƙarasa babin ba. Ya ce gobe zai karanta shi daga farko har ƙarshe a gaban iyaye, kowa ya ji, kuma mahaifiyarsu za ta zo.

Muhsinat ta bi takalman da kallo, silifa ne na roba masu maɗauri a dunduniya. A nan ta tuna.

Ta ɗauko nata kwafin ta buɗe shafi na sittin da bakwai. Yana nan, a sakin layi na biyu. Ta sauya shekaru, ta sauya ƙabila, ta sauya gari, ta cire tsawon zaman. Wannan ta bar shi yadda yake, don Dakta Naomi ta ce shi ne zuciyar babin: matar ba ta iya barci sai da takalmi a ƙafarta, kuma sai ta ɗaura na hagu da zare a idon sawu.

Baba Gana ba ya shiga ɗakin mata, ba zai san wannan ba. Amma mahaifiyar Bintu ɗaki ɗaya suke kwana. Ita take tsinke zaren kowace asuba kafin alwala.

Muhsinat ta kira Kashim sau huɗu, wayarsa a kashe. Ta rasa ma abin da za ta ce masa da ya ɗauka. Ta zauna ta lissafa abin da ya rage mata, ta ga hanya ɗaya ce take hana a kai shafi na sittin da bakwai: ta tsayar da karatun tun a sittin da huɗu, ta ce ita ce. Za a naɗe tabarma, a daina neman kowa. Abdulnasir zai aiko da mota.

Ta shiga da kwalaben turaren cikin akwatin lefe ta rufe.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a falon Alhaji. Maza a kan darduma, Umma da mahaifiyar Kashim a bayan labule, Muhsinat a bakin ƙofa. Alƙur'ani yana kan matashi cikin jakarsa. Kashim ne ya shigo da littafin a hammatarsa ya miƙa wa baffansa. Idanunsa sun yi ja. Bai dubi inda take ba.

Baba Gana ya sa tabarau ya fara. Ya wuce sittin da huɗu. Muhsinat ta buɗe baki, harshenta ya ƙi motsi. Ya wuce sittin da biyar. Ta ce wa kanta a ƙarshen wannan shafin. Ya shiga sittin da shida, yana fassarawa a tsanake, yana tsayawa ya gyara kalma. Ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Baba," ta ce.

Ya ɗaga mata hannu, ta bari ya kai aya. Ya lashi yatsa ya juya shafi, ya karanta rabin layi, ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake juyowa. Maganar ba ta haɗu ba.

Ya ɗaga littafin wajen taga. Daga sittin da shida sai sittin da takwas. An cire takarda ɗaya, ba yagewa aka yi ba, yanka ne miƙaƙƙe daf da ɗinki, irin na wuƙar da ake feƙe wayar lantarki. Duk shafukan da ya ja wa jan layi suna nan. Wanda ya ɓace bai taɓa sa masa biro ba.

Ya tambayi Kashim a hannun wa littafin ya kwana.

"A hannuna, Baba."

"Wa ya taɓa shi?"

"Littafina ne. Ni aka ba."

Baba Gana ya cire tabarau ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo ga Muhsinat ya ce ta kira shi ɗazu, me take son faɗa. Ta dubi Kashim. Yana kallon darduma, jijiyar wuyansa a tashe. Ta ce ba komai. Ya tambaye ta nata kwafin. Ta ce ba za ta bayar ba, kuma wannan ne karo na farko da ta ce wa babba a'a a gaban mahaifinta. Alhaji Uwais ya rufe ido.

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ce shi malamin makaranta ne, ya san ba a buga kundi ɗaya. Ya ce maganar aure tana nan a rataye, kada a taɓa akwatuna, kada kuma a amsa wa kowa. Aka shafa fatiha.

A zaure Kashim ya tsaya ɗaura takalminsa har sauran suka fita. Muhsinat ta tsaya daga ciki, labule a tsakaninsu. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai ɗago ba.

"Ni nake sayo mata zaren. Na ɗauka ɗinki take yi."

"Kashim."

"Kin zauna kina jina ina cewa mace mai mutunci." Ya ja igiyar takalmin har ta kusa tsinkewa. "Ban san ko in gode miki ba, ko in tambaye ki wa ya ce ki sa yayata a littafi. Wallahi ban sani ba."

Ta tambaye shi ranar aure. Ya ce ta bari tukuna. Ya tambaye ta kwafi nawa ne. Ta ce huɗu: nasa, nata, na Dakta Naomi, da wanda aka ajiye a ɗakin karatu na sashensu a jami'a, inda duk mai katin shiga zai iya ɗauka ya zauna ya karanta.

Ya miƙe ya fita. Keke napep ɗin da ya kawo su yana jira, mahaifiyarsa ta riga ta shiga, tana tambayar Baba Gana da Barbarci me yake cikin shafin da ya ɓata.

Ana buɗe ɗakin karatun ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe. Ma'aikacin da ke riƙe da makullinsa tsohon ɗalibin Baba Gana ne.